Ƙarfin da Ba Ya Hawa Ma'auni: Nazari a kan Littafin Fada Teilhard de Chardin

Duk wanda ya taɓa kwana jinya a asibiti ya san tambayar da 'yan'uwa sukan fara yi idan sun iso da safe: "Ya farfaɗo? Yana gane mutane?" Jiki yana kwance da ɗuminsa, numfashi yana shiga yana fita, zuciya tana bugawa, amma duk da haka muna tsaye muna jira, domin mun san akwai abin da bai dawo ba tukuna. Wannan abu shi muke kira hayyaci, wato kasancewar mutum a farke, yana ji, yana gani, kuma ya san cewa shi ne yake ji, shi ne yake gani. Daga ina hayyaci yake fitowa? Ina yake tafiya idan likita ya yi allurar barci? Wani irin ƙarfi ne, ɗan'uwan wuta da lantarki, ko kuwa wani abu ne dabam?

Ya ƙaunataccen mai karatu, mutane da yawa sun yi hasashe a kan wannan tambaya. A cikin masu bi na ƙarnin da ya wuce, kaɗan ne suka kai wani firist ɗan ƙasar Faransa ƙarfin hali wajen amsa ta. Sunansa Pierre Teilhard de Chardin, ana furta shi Teyar, kuma haka za mu riƙa kiransa. Littafinsa mafi shahara shi ne Le Phénomène humain, wanda za mu iya fassarawa da "Al'amarin Ɗan Adam". Shi za mu auna a nan, da girmamawa, amma ba tare da rufe ido ba.

An haifi Teyar a shekarar 1881 a yankin Auvergne. Ya shiga ƙungiyar Jesuit ta Ikilisiyar Katolika a 1899, aka naɗa shi firist a 1911. Tun kafin naɗin ya koyar da kimiyya a wata makaranta a Alƙahira daga 1905 zuwa 1908. A Yaƙin Duniya na Ɗaya aikinsa shi ne kwaso waɗanda aka raunata daga bakin daga, saboda haka ya ga mutuwa da idonsa. Bayan yaƙi ya zama masanin duwatsu da tsofaffin ƙasusuwa, ya yi shekaru masu yawa a ƙasar Sin, yana cikin masanan da suka yi aiki a kogon Zhoukoudian kusa da Bejin, inda aka tono ƙoƙon kan wani ɗan Adam na dā can a 1929. A Bejin ɗin ne ya rubuta wannan littafi tsakanin 1938 da 1940. Shugabanninsa a Roma ba su ba shi izinin buga shi ba, shi kuwa ya yi biyayya har ƙarshen ransa. Ya rasu a birnin New York ranar Lahadin Ista, 10 ga Afrilu, 1955, littafin kuma ya fito a cikin wannan shekara. Fassarar Turanci ta biyo baya a 1959.

Ga gundarin maganarsa. A ganin Teyar, kowane abu a duniya yana da waje, yana kuma da ciki. Wajen shi ne abin da masu kimiyya suke aunawa: nauyi, girma, gudu, zafi. Cikin kuwa shi ne hayyaci. Tun da hayyaci ya bayyana sarai a cikin mutum, in ji shi, lalle yana da saiwa tun daga farkon abubuwa, sai dai a siririce ƙwarai, yadda ba a iya gane shi a cikin ƙwayar zarra ko dutse. Daga nan ya raba ƙarfi gida biyu. Na fari shi ne ƙarfin gefe, wanda yake haɗa abu da 'yan'uwansa, shi ne kuma wanda kimiyya ta sani. Na biyu shi ne ƙarfin cibiya, wanda yake jan abubuwa su ƙara tattaruwa, tsarinsu ya ƙara sarƙewa, hayyacinsu ya ƙara haske. Da wannan ya shimfiɗa tarihin duniya kamar tsani: daga ƙwayoyin zarra zuwa rai, daga rai zuwa dabba mai ƙwaƙwalwa, daga dabba zuwa mutum, wanda shi kaɗai ne yake sane da saninsa. Yanzu, a cewarsa, tunanin 'yan Adam ya lulluɓe duniya kamar wani sabon bargo, kuma yana ci gaba da haɗuwa. Ƙarfin da yake haɗa shi ƙauna ce. Ƙarshen tafiyar shi ne wurin da ya kira Omega, inda dukan hayyaci zai taru ba tare da kowa ya rasa kansa ba. A shafukan ƙarshe ya nuna cewa wannan Omega shi ne Almasihu.

Kafin mu yi suka, wajibi ne mu faɗi alherin da ke cikin littafin. Teyar ya rayu a zamanin da mutane da yawa a Turai suka ɗauka cewa dole ne mutum ya zaɓi ɗaya, ko ɗakin gwaje-gwaje ko ɗakin sujada. Ya ƙi yarda da wannan rabuwa. Ya ƙi kuma koyarwar da take ƙyamar jiki da ƙasa, kamar Allah bai duba abin da ya halitta ya ga yana da kyau ba. Ya tuna wa Ikilisiya wasu ayoyi da muke saurin tsallakewa: babi na 1 na Kolosiyawa, inda Manzo Bulus ya koyar cewa ta wurin Almasihu aka halicci kome, kuma shi ne yake riƙe da kome, babi na 1 na Afisawa, inda aka bayyana nufin Allah na tattara abubuwan sama da na ƙasa ƙarƙashin kai ɗaya, da babi na 8 na Romawa, inda halitta kanta take nishi tana jiran 'yanci. Mai bi da ya saba tunanin cewa ceto ya tsaya ga ransa shi kaɗai zai amfana da wannan faɗin gani. Shi ya sa, ko da yake Fadar Vatican ta yi gargaɗi a kan rubuce-rubucensa a 1962, ba a daina karanta shi ba, har Fafaroma Francis ya ambace shi a wasiƙarsa ta 2015 a kan kula da halitta.

Amma kyawun masauki ba ya gyara gadar da ta tsage. Gadar Teyar kalma ɗaya ce, "ƙarfi", kuma ya ɗora mata kaya biyu da ba ta iya ɗauka tare.

A wurin masu kimiyya, ƙarfi, ko makamashi, abu ne mai ma'auni. Tun a shekarun 1840 James Joule na Ingila ya nuna cewa aiki da zafi suna sauyawa da juna bisa adadi tsayayye, har aka sa wa ma'aunin sunansa. Itace a murhu, man fetur a injin, tuwo a ciki, wuta a waya, duk ana iya lissafa ƙarfin da ke cikinsu, kuma idan ya sauya kama ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Mitar lantarki da ke jikin bangon gida shaida ce a kan haka. To, da wane mudu za a auna ƙarfin cibiya? Nawa ne a cikin dutse, nawa ne a cikin akuya? Idan ya ƙaru a nan, a ina ya ragu? Littafin bai ba da amsa ba. Teyar ba jahilin wannan ba ne, tun da ya koyar da kimiyya. Shi da kansa ya yarda cewa mai tunani sai ya ci abinci, ya kuma lura cewa abinci kaɗan yana iya haifar da tunani iri-iri marar iyaka, wanda ya nuna cewa ba a sauya ɗaya zuwa ɗaya bisa lissafi. Da ya tsaya a nan, da ya faɗi gaskiya mai amfani. Sai ya zarce ya ce asalin kowane ƙarfi na ruhu ne, ya bar kalma ɗaya tana nufin abin da mita take ƙirgawa, tana kuma nufin ƙaunar uwa ga ɗanta.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, akwai abubuwan da muka san kimarsu ba tare da awo ba, ƙauna tana cikinsu. Laifin ba ya cikin yin magana a kan abin da ba ya aunuwa. Laifin shi ne Teyar ya nemi a karanta littafinsa a matsayin rahoton kimiyya tsantsa, ya faɗi haka tun a gabatarwa. Wanda ya shiga kasuwar hatsi ya ce zai sayar da ido, bai kamata ya ce yana riƙe da mudu ba. A nan ne Peter Medawar, masanin da ya sami lambar Nobel a 1960, ya kama shi a wani nazari mai zafi da ya buga a 1961, inda ya zarge shi da ruɗar kansa da kalmomi. Medawar ya yi tsanani, bai kuma ga darajar abin da yake motsa zuciyar firist ɗin ba. Amma a kan maganar ma'auni, gaskiya tana wurinsa.

Bari mu duba abin da aka sani game da ƙwaƙwalwa. Nauyinta kusan kashi 2 cikin 100 ne na jikin babban mutum, amma tana cin kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin da jiki yake ƙonawa a lokacin hutu, wato kamar wat 20, daidai da ƙaramin ƙwan lantarki. Idan jini ya daina kai mata na 'yan daƙiƙu, mutum ya suma. Saboda haka babu shakka hayyacinmu a wannan rai ya dogara ga makamashi. Amma dogara dabam, zama abu ɗaya dabam. Mai farfaɗiya, a lokacin da ciwon ya buge shi ƙasa yana jijjiga, ƙwaƙwalwarsa tana ƙona makamashi fiye da yadda ta saba, amma a daidai wannan lokaci ba ya cikin hayyacinsa. Ƙarfi ya yi yawa, sani ya ɓace. Haka kuma, a cikin ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86 da ke cikin kan mutum, wajen kashi 80 cikin 100 suna cikin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya. Duk da haka a 2014 likitoci a ƙasar Sin sun ba da rahoton wata mata 'yar shekara 24 da aka haifa ba tare da wannan sashe ba. Tana da matsalar tafiya da ta furuci, amma tana cikin hayyacinta, har ta yi aure ta haihu.

Mai kare Teyar zai ce, ai ba yawa yake nufi ba, tsari ne mai tattaruwa a cibiya guda. To, ta yaya za mu gane tsarin da ya fi tattaruwa? Idan amsar ita ce wanda ya fi hayyaci, to, mun zagaya mun koma inda muka tashi. Tun a 1714 masanin falsafa Leibniz na Jamus ya ba da misali mai kama da wannan. Ka ɗauka an ƙera injin da yake tunani, aka kumbura shi har ka iya shiga ciki kamar yadda kake shiga gidan niƙa. Za ka ga ƙarafa suna tura juna, ba za ka ga ji ko gani a rataye a wani lungu ba. Har yau wannan tambaya tana nan. A shekarun 1990 David Chalmers ya sa mata suna matsala mai wuya, kuma akwai masana a yau da suke zaton, kamar Teyar, cewa akwai ɗigon hayyaci a cikin kowane abu. Suna da 'yancin yin zato. Amma zato ne. Kama da wane ba wane ba ne, kuma sa wa asiri suna "ƙarfi" ba ya buɗe shi.

Duk wannan gardamar masana ce, mai bi yana iya cewa ba ta shafe shi ba. Amma akwai inda ta shafe mu kai tsaye, kuma nan ne ya fi nauyi.

Idan tarihin duniya tsani ne na hayyaci, kuma ƙarfi ne yake tura kome sama, ina matsayin zunubi? A cikin littafin, mugunta ta fi kama da ɓarnar da ba makawa a cikin babban aiki, kamar tsakuwa da ƙurar da suke zuba a wurin gini. Teyar ya san za a tuhume shi a kan wannan, shi ya sa ya ƙara ɗan taƙaitaccen bayani a kan mugunta a ƙarshen littafin. Amma 'yan shafuka ba su isa ba. Abin mamaki ne mutumin da ya kwashi gawawwaki a filin yaƙi, ya kuma yi rubutu a birnin da sojojin Japan suka mamaye tun 1937, ya yi wa mugunta sauƙin hukunci haka. Littafi Mai Tsarki bai ɗauki kisan da Kayinu ya yi wa Habila a matsayin tuntuɓe a hanyar ci gaba ba. Tawaye ne, jini kuma ya yi kuka. Ilimi yana ƙaruwa, gaskiya ne, hanyoyin sadarwa sun haɗa duniya fiye da yadda Teyar ya yi mafarki, amma wayar da take kai gaisuwa ita ce take kai ƙarya da zuga. Haɗuwar tunani ba ita ce sulhu ba. Da a ce duniya tana hawa zuwa ga Allah da ƙarfin da ke cikinta, da gicciye ya zama ado kawai. Bishara ta ce Allah ne ya sauko.

Sa'an nan kowane tsani yana da matakin ƙasa. Wa yake zaune a can? Jaririn da bai san sunansa ba. Tsohuwar da ta manta 'ya'yanta. Yaron da aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa. Mai taɓin hankali da yake yawo a kasuwa. Majinyacin nan da muke tambaya ko ya farfaɗo. Idan darajar halitta tana bin yawan hayyacinta, waɗannan duka sun koma baya. Kada a ce tsoro ne marar tushe, gama a cikin wannan littafin Teyar ya yi kira da a nemi wata hanya, wadda ya ce za ta dace da mutuncin ɗan Adam, ta inganta irin mutane ta wurin kula da haihuwa. Ya rubuta haka a shekarun da gwamnatin Nazi a Jamus take hana naƙasassu haihuwa, daga baya kuma take kashe su. Ba mu ce ya goyi bayan wannan ta'asa ba. Muna cewa tsanin da ya gina ba shi da abin da zai tare ƙafar wanda yake so ya taka na ƙasa.

Nassi ya kafa darajar mutum a wani wuri dabam. Zabura ta 139 ta nuna Allah yana sane da mu tun muna cikin mahaifa, kafin mu san kome. A Galatiyawa babi na 4, Bulus ya fara magana a kan sanin da muka yi wa Allah, sai ya gyara maganarsa da kansa, ya ce abin da ya fi shi ne sanin da Allah ya yi mana. A 1 Korintiyawa babi na 13 ya yarda cewa saninmu na yanzu gutsure ne, cikakken sani kuwa tuni yana wurin wanda ya san mu. Wato igiyar da take riƙe da mu tana hannun Allah, ba a hannunmu take ba. Idan hayyacina ya dushe, nasa ba ya dushewa, gama Mai Tsaron Isra'ila ba ya gyangyaɗi.

Akwai hatsari na ƙarshe. Teyar ya nace cewa Omega mai rai ne, mai ƙauna, ba makahon ƙarfi ba, kuma a kan wannan ya cancanci a yi masa adalci. Amma da yawa daga cikin waɗanda suka ari kalmominsa daga baya sun riƙe "ƙarfi" sun saki Almasihu. Ƙarfi kuwa abu ne da ake tarawa, a sarrafa, a sayar. Siman mai sihiri na Samariya, a Ayyukan Manzanni babi na 8, haka ya ɗauki Ruhu Mai Tsarki, shi ya sa ya fito da kuɗi, Bitrus kuma ya tsawata masa. Annabi Iliya a Dutsen Horeb ya ga iska mai farfasa duwatsu, da girgizar ƙasa, da wuta, duk manyan alamun ƙarfi, amma Ubangiji ya same shi ta wurin murya. Mu ma sai mu lura da bakinmu. Idan muka riƙa maganar addu'a kamar cajin waya, muna auna sujada da yawan zufa da rawar jiki, mun faɗa cikin kuskuren da muke ganin Teyar ya buɗe wa ƙofa. Ruhu Mai Tsarki ana iya ɓata masa rai, yana koyarwa, yana ta'azantarwa, yana roƙo dominmu. Lantarki ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Hukuncinmu ke nan a kan littafin. A karanta shi a matsayin waƙar zuciyar mutumin da ya ƙaunaci Almasihu, ya kuma ƙaunaci duwatsu, za a sami abin da zai faɗaɗa sujada. A karanta shi a matsayin kimiyya, ba shi da mudu. A karanta shi a matsayin koyarwar ceto, gicciyensa ya yi ƙanƙanta.

A Markus babi na 5 akwai labarin 'yar Yayirus, yarinya mai shekara 12. Lokacin da Yesu ya shiga ɗakin, ba sauran hayyaci a cikinta, ba ƙarfin da zai ja ta sama, masu makoki ma sun riga sun fara kuka. Ya kama hannunta, ya yi mata magana, ta tashi. Sa'an nan ya umarta a ba ta abinci. A lura da jerin abubuwan. Ubangiji bai raina abinci ba, gama jikin da ya halitta yana bukatar makamashinsa, kuma aikin likita da na mai dafa kunu aiki ne mai tsarki. Amma abin da ya dawo da ita kira ne daga bakin wanda ya san ta sa'ad da ita ba ta san kowa ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, idan kana zaune a gefen gadon wanda ba ya gane ka, kada ka ce ba kowa a wurin. Riƙe hannunsa, kira sunansa, yi addu'a da murya, ka ɗiga masa ruwa idan likita ya yarda. Ko ya ji ko bai ji ba, akwai wanda yake ji.

Ya Ubangiji, kai da ka san mu tun ba mu san kanmu ba, ka riƙe mu sa'ad da hankalinmu ya gaza, ka kuma tashe mu da muryarka a rana ta ƙarshe. Amin.